Wa Zai Sauki Matafiyi?

Bahaushe yana da magana biyu a kan tafiya, kuma duka biyun ya riƙe su da gaske. Da safe za ka ji dattijo yana gaya wa ɗansa cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Da yamma kuma, in yaron ya ɗaure kayansa, shi dai wannan dattijo ne zai ja shi gefe ya tuna masa cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Manyan marubutanmu ma sun yi wa tafiya kirari. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano kuma ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Amma mai karatu zai lura cewa dukansu biyu sun dawo gida, kuma a gida aka karanta abin da suka gano. Mu da aka haifa a Fagge, muka tashi muna ratsa Sabon Gari, mun daɗe muna jin maganganun nan biyu ba tare da sun yi karo ba. Sai a 'yan shekarun nan suka haɗu a tsakar gidanmu, kowace tana neman a ba ta gaskiya.

Abin da ya haɗa su kuwa daga Amurka ya taso. A can akwai wata irin mota da muka ga ya dace mu kira ta gida mai taya. Babbar bas ce, ko ƙaramar mota mai jan ɗaki a bayanta, an yi mata gado da madafi da makewayi da tankin ruwa, an ɗora faifan sola a kan rufinta. Da can ta yawon hutu ce, iyali su fita mako biyu su dawo. Daga baya sai aka sami mutane masu yawa, tsofaffi da matasa, waɗanda suke sayar da gidajensu ɗungurungum, su raba kayan ɗaki, su tare a cikin motar, duk inda rana ta faɗi nan ne unguwarsu. Wasunsu suna ɗaukar rayuwarsu a bidiyo suna sakawa a YouTube, ka ga mutum ya buɗe ƙofar mota da asuba ga dutse ga ƙorama, yana kurɓar shayi, ba mai haya ba mai karɓar kuɗin wuta. Ta wannan hanya gida mai taya ya shigo Fagge, a cikin wayar autanmu.

Auta direba ne. Ya yi fiye da shekara goma yana jan motar wani, yana ɗaukar albasa da tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar da ta kai kilomita dubu, ya juyo da abin da ya samu na lodi. Ya san kwanan tasha, ya san wanka da ruwan jarka a bayan tirela, ya san sallar asuba a kan kwali. Saboda haka da ya ga Bature yana alfahari da kwana a mota, abin bai ba shi tsoro ba, dariya ma ya ba shi. Ya ce shi ai ya daɗe a wannan makaranta, bambancin kawai motar ba tasa ba ce.

Gidanmu kuwa na gado ne, mu bakwai da mahaifiyarmu, tun rasuwar mahaifinmu a 2021 ba a raba ba. Tsohon gini ne mai zaure biyu, yana cikin lungunan da Kantin Kwari yake haɗiya sannu a hankali. Duk wanda ya san Fagge ya san yadda abin yake tafiya. Yau ka ga gida da mata da yara da awaki, gobe ka ga an rushe shi an tayar da bene mai ƙofofin ƙarfe, an cika shi da dilolin atamfa da shadda. Dillalai sun sha yi mana sallama, kuma kuɗin da suke ambata malamin makaranta irinmu ba zai tara shi ba ko da zai koyar har ƙarshen ransa. Ranar da aka zauna maganar gado, Auta ya bari kowa ya gama, sannan ya dube mu ya ce, "Yaya Malam, ni dai a sayar a ba ni nawa. Bas zan saya, in kai wa mai walda ya yi mini gado da wurin girki a baya. In yi lodi na kaina, in kwana a cikin abina. Maraɗi, Damagaram, Agadas, Legas, duk gidana ne. Na gaji da zama a ɗaki ɗaya da mata da yara biyu, ana ƙirga mini bokitin ruwa."

Ba mu amsa masa a ranar ba, domin maganar ta fi ƙarfin amsar tsaye. Abin da muka yi ta juyawa a zuciya shi ne tarihin unguwar kanta. Fagge ai zango ce tun asali. Ana danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a bayan ganuwa take, inda baƙin da suka keto Sahara suke sauke raƙumansu kafin su shiga Kasuwar Kurmi. Buzaye suna zuwa da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi da turkuɗi da takalma. Daga Kano kuma fatake suke ɗaura wa jakuna kaya su nufi Gwanja sayen goro, madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba, a yi wata da watanni ana tafiya. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro ya fara kafin gyaɗa ta ɗaukaka sunansa. Idan haka ne, jinin tafiya da ke motsa Auta ba baƙo ba ne a wurinmu, gadonsa ya yi.

To amma akwai mutum guda da ake yawan mantawa da shi in ana ba da labarin fatake, shi ne fatoma, wato mai masauki. Shi ba ya zuwa ko'ina. Shi ne yake da zaure da rijiya da turken dabbobi. Baƙo ya sauka a wurinsa, ya ajiye kayansa, ya ci tuwon gidansa. Shi zai nemo masa mai saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi, ya yi masa tafinta, ya riƙe masa kuɗi har wata shekara. In baƙo ya kwanta ciwo shi zai yi jinyarsa, in ya mutu shi zai yi masa sutura ya aika wa danginsa da abin da ya bari. Haka tsarin yake a Sabo ta Ibadan da zangon Kumasi da duk inda Bahaushe ya kai ƙafarsa. Kakanmu fatoma ne. Zauren nan na biyu da Auta yake ganin ɓarnar wuri ne, don Buzaye aka gina shi, kuma mahaifinmu ya sha nuna mana inda ake jingine buhunan gishiri har bangon ya cinye. Ayari ba ya tashi daga Agadas sai don ya san akwai wanda ya zauna a Fagge yana jiransa.

A cikin danginmu ma an taɓa sayar da gida a kama hanya. Ƙanen kakanmu ya karɓi rabonsa tun kafin a haifi mahaifinmu, ya ɗauki matarsa da buta da sanda ya nufi Makka a ƙafa. Hanyar sananniya ce a wancan zamani: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, a ratsa Darfur da Kurdufan, a kai bakin Bahar Maliya a nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago shekara ɗaya ko biyu, da yawa a gonakin auduga na Jazira. Dubban mutanenmu sun bi ta nan, musamman bayan hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi a 1903, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ƙanen kakanmu bai dawo ba. Amma tsofaffin gidanmu sun ce duk alhajin da ya biyo ta inda yake, sai ya ba shi saƙo guda: a gaida mutanen gidan Fagge, a gaya musu yana nan. Mutumin da ya sayar da rabonsa, ya yi nisan da ba a iya kai masa ziyara, bai rasa inda zai aika gaisuwa ba, saboda wansa ya zauna.

Mu tsallaka titi zuwa Sabon Gari, domin darasin da ke can ya fi fitowa fili. An yanka unguwar wajen 1913, jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku. In ana neman mutanen da suka iya barin gida, to ga su nan. Akwai wani abokin aikinmu, malamin lissafi, a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni daɗi. Mahaifinsa ya yi shekara arba'in yana sayar da kayan gyaran mota, yana zaune a ɗaki biyu na haya, amma duk abin da ya samu yana aikawa ƙauyensu a gabas, ana ɗora bulo a kan bulo. Duk watan Disamba za ka ga manyan bas-bas na New Road sun cika maƙil, an ɗaure buhunan wake da albasa da busasshen kifi, ana tafiya a kwana biyu a wancan gida da ba a zama cikinsa sai mako biyu a shekara. Mun taɓa tambayarsa amfanin gidan da ƙadangaru suka fi mai shi morarsa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, mutanen da suka ga 1966 ba a koya musu amfanin gida." A shekarar ne dubban mazauna Sabon Gari suka bar Kano ba shiri, kuma wanda yake da inda zai nufa ya fi wanda ba shi da shi kwanciyar hankali a cikin jirgin. Bayan yaƙin ya ƙare a 1970 da yawansu sun dawo, suka ci gaba da kasuwanci, suka kuma ci gaba da gini a can.

Su kansu Amurkawan, in aka bi labarinsu ta bayan bidiyo, ba duka ne masu shan shayi a gindin dutse ba. Wata 'yar jarida mai suna Jessica Bruder ta bi su shekaru, ta fitar da littafi a 2017 mai suna Nomadland, aka mai da shi fim a 2020, ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2021. Da yawa daga cikin waɗanda ta rubuta labarinsu tsofaffi ne da rikicin bashin gidaje na 2008 ya raba da muhallinsu, ko kuɗin fansho ya kasa biya musu haya. Suna bin aikin wucin gadi daga jiha zuwa jiha, yau a rumbun kayan kamfanin Amazon, gobe a gonar gwoza mai sukari, in sanyi ya shigo su taru a hamadar Arizona kusa da wani ƙaramin gari, Quartzsite. Fim ɗin ya fara ne da garin Empire a jihar Nevada, inda masana'antar da ta riƙe garin ta rufe a 2011, kowa ya watse. Wato a cikinsu akwai mai yawon buɗe ido, akwai kuma ɗan ci-rani wanda ba shi da damina da zai koma. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne, hukuma ba ta san mutum marar adireshi ba. Lasin tuƙi da inshora da rajistar zaɓe duk sai da adireshi. Saboda haka da yawansu suke biyan wasu kamfanoni a jihohi irin su Dakota ta Kudu da Texas da Florida, su ba su adireshi, su karɓar musu wasiƙu su aika musu duk inda suke. Ashe Bature ma da ya sayar da gidansa sai da ya nemi fatoma, nasa dai na kuɗi ne.

Da muka sake zama da Auta mun kawo masa lissafi irin na malaman makaranta. Mota tun ranar da aka saye ta take tsufa, fili kuwa a Fagge kullum ƙara daraja yake. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, to mai gida a kan taya da abincinsa ke Maraɗi ina zai sa kansa? Ga masu garkuwa da mutane da suka sa direba ba ya tsayawa inda ya ga dama, balle ya kwana da iyali a gindin dutse. Sannan muka kawo abin da muka fi sani, wato rajistar aji. Yaron da ya yi wata uku ba ya nan, mun san yadda yake dawowa, ya zauna a baya yana kallon allo kamar baƙon rubutu. Gwamnati ta kafa hukumar ilmin makiyaya tun 1989, kuma duk malamin da ya koyar da 'ya'yan masu ƙaura ya san wuyar aikin. Bayan wannan akwai abubuwan da ba sa shiga lissafi. Ranar da za a nemi auren 'yarsa, gidan wa za a kai goro? Ranar suna a ƙofar wa za a shimfiɗa tabarma? In ta Allah ta kasance, a ina za a zauna karɓar gaisuwa?

Ya saurara har muka gama, sannan ya ba mu amsar da har yau muke jin nauyinta. Ya ce, "Yaya Malam, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma kai kana da albashi, Yaya Babba tana gidan mijinta, ni kuwa dukiyata tana cikin bangon nan, ba ta saya mini ko taya ɗaya. Sai na tsufa ina jan motar wani don a sami inda za a yi mini zaman makoki?" Babu wanda ya iya cewa uffan. Haƙƙinsa ne, kuma shari'a ba ta ce a tsare wa magaji rabonsa don 'yan'uwansa suna son zauren kakansu ba. Wanda yake da abin da zai ci a ƙarshen wata ya fi kowa iya wa'azin riƙon gida.

Mahaifiyarmu ce ta raba gardamar, ita da ba ta taɓa ganin gida mai taya ba ko a waya. Ta ce, "Ku biya shi haƙƙinsa, kada ku rage masa ko kwabo. Amma ni ba inda za ni, a nan aka kawo ni, daga nan za a fitar da ni. Ɗakinsa kuma kada wanda ya sa masa kwaɗo." Wani malamin unguwa ya ƙara mana haske da abin da ke cikin Risala da sauran littattafan Malikiyya, wato shuf'a: in abokin tarayya a gida ko gona zai sayar da kasonsa kafin a raba, sauran abokan tarayyar sun fi bare cancantar su karɓa a kan kuɗin da aka yi ciniki. Aka kira masu ƙima suka yi wa gida kuɗi a gaban mai unguwa, aka fitar da tumunin Hajiya, aka lissafa rabon kowa. Yaya Babba ta sayar da gwal ɗinta, wani ƙanenmu ya saki filinsa na bayan gari, mu kuma muka ci bashi a asusun taimakon juna na malamai, wanda ake yanka daga albashinmu kowane wata, kuma akwai sauran tafiya kafin ya ƙare. Ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali a wannan zamani, kuma akwai watan da muke duban takardar albashi mu tuna da kuɗin da dillalai suka ambata.

Auta ya sayi bas ɗinsa ta hannu. Ya cire kujerun baya, mai walda ya yi masa gado mai naɗewa da akwatin tukunyar gas, ya ɗora sola da ke caja waya da juya ƙaramar fanka. Yakan yi mako uku ko wata bai taka Kano ba, kuma in ya kira mu daga wani gari muna jin muryar mutumin da ya mallaki kansa, abin da ba mu taɓa ji a bakinsa ba lokacin da yake jan motar wani. Matarsa ta bi shi tafiya biyu, ta ce ita ta ga duniya ya isa haka. Tana nan a ɗakinta, yaran suna zuwa makaranta da 'ya'yanmu. Da injin ya buga masa a kan hanyar Zariya, a ƙofar gidan nan aka jawo motar ta yi kwana goma sha ɗaya ana neman kayan gyara a Ƙofar Ruwa, shi kuma yana cin tuwon Hajiya yana ba yara labarin Agadas. A takarda ba shi da ko taku ɗaya a gidan. A wurin mutanen unguwa kuwa har gobe ɗan gidan ne, kuma da sunan gidan yake karɓar lodi bashi a Dawanau.

Abin da ya sa muka ga ya kamata mu rubuta wannan, ba namu gidan kaɗai ne a kan wannan siraɗi ba. A lungunmu gidajen da ake kwana a cikinsu sun fara zama 'yan ƙirge. Da dare in 'yan kasuwa sun rufe ƙofofinsu na ƙarfe, sai ka ji unguwa tsit, masallacin da yake cika da asuba sahu biyu yake yi da ƙyar. Kowane gida da aka sayar yana da hujjarsa, kuma yawancin hujjojin masu ƙarfi ne irin ta Auta, ba mu ga laifin kowa ba. Amma unguwar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana saukar baƙi ta kusa rasa zauren da za a ce wa mutum bismilla. Masu sha'awar hanya su tafi, Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa a dawo da riba. Sai dai duk zuri'ar da ta zauna rabon gado, muna roƙonta ta tambayi kanta tun kafin a kira dillali: in kowa ya karɓi nasa ya watse, wa zai zauna, kuma sauran za su taimaka masa da me? Domin zaman nan ma aiki ne, yana da tsada, kuma bai kamata a bar wa mutum ɗaya ko tsohuwa ɗaya ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe zumunci, Ya jiƙan magabatanmu, na gida da waɗanda hanya ta riƙe.